Hular da Muka Ɗinka Mu Biyu

A gidanmu na unguwar Soron Ɗinki, da an sauke tuwo bayan magariba, kakata Iya Dije takan jawo kujerarta gaban murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, ita kuwa hula na kan gwiwarta, allura na shiga da fita ko kallonta ba ta yi. Ɗinkin hula ne sana'arta tun tana budurwa.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta Ladi da Kande. Wai wani mai gari ya yi shela cewa duk wadda ta kawo hular da ta fi kyau, saniya ce tukuicinta. Ladi ta iya zane amma allura na gagarar ta, Kande kuma ga hannun ɗinki, babu basirar zane. Sai suka haɗa kai, wannan ta zana, wannan ta ɗinka. Hularsu ta zo ta ɗaya. Mai gari ya ce shi fa mutum ɗaya zai miƙa wa igiyar saniya.

A nan nake rikicewa. Yau Iya ta ce Ladi aka ba, gobe ta ce Kande. Wata rana ma cewa ta yi saniyar ta tsinke ta shige daji.

Na ce, "Iya, jiya fa Kande kika ce."

Ta ce, "Ke dai Binta kin cika bin diddigi. Jiya da Kande na kwana a rai, yau kuma tausayin Ladi nake ji."

Iya ta rasu ta bar wata hula rabi a ɗinke. Shekaru tana cikin adakata. Da na ji wata ƙungiyar mata ta sa gasar sana'ar hannu, sai na ɗauko ta, na je kasuwar Kurmi na nemo zare mai kama da nata, na ƙarasa. A takardar shiga gurbin suna ɗaya ne. Na daɗe riƙe da biro kafin na rubuta nawa.

Ranar gasar, wata dattijuwa cikin alƙalai ta juya hular ta duba cikinta, ta ce, "Malama, hannu biyu ne a nan."

Na ce, "Haka ne Hajiya, ni da kakata ne, Allah Ya yi mata rasuwa."

Ta yi mata addu'a, ta shafa gefe ɗaya ta ce, "Ai ga nata nan, aikin ƙwararru. Wannan gefen da zare ke karkacewa naki ne. Ki ƙara ƙoƙari."

Gefen da ta yaba nawa ne. Mai karkacewar na Iya ne, lokacin da idonta ya fara gazawa. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "To Hajiya, na gode." Aka cire hular daga gasar, tunda ƙa'ida aikin mutum ɗaya ne.

Har yau ban san sunan abin da na yi ba, ƙarya ce ko rufin asiri. Ban kuma san abin da Iya take so mu koya daga Ladi da Kande ba. Wataƙila ita ma ba ta taɓa yanke hukuncin ba. Abin da na sani, da ƙanwata ta tambaye ni yadda aka ƙare, cewa na yi alƙalai sun yaba hannun Iya, kuma muryata ko rawa ba ta yi ba.