Mutumin da Ya Riƙe Gaisuwar Ɗalha

Taƙaitaccen bayani: Malam Badamasi Sukuntuni, mai kula da lambun shaƙatawa na bakin hanyar Kusada a Kankia, ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Kullum ƙarfe bakwai yake buɗe ƙofa. Ba a samu wata matsala ba.

Abin da fayil ɗin aikinsa bai ɗauka ba shi ne Ɗalha, mai ban ruwa, ɗan shekara arba'in, mai larurar galahanga. Aikinsa ba makusa, amma ba ya gaisuwa: musabaha tana firgita shi, doguwar tambayar iyali tana sa ya toshe kunne. A garin da ake yafe wa ma'aikaci lalaci amma ba a yafe masa wuce babba, wannan laifin kora ne.

Ranar da wani shugaban sashe ya kawo ziyara, Ɗalha ya ratsa ta gabansa da bokiti. Shugaba ya ce a rubuta takardar sallama. Badamasi ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe, ya sake durƙusawa.

"Malam, ta biyun fa ta mece ce?"

"Ranka ya daɗe, ta Ɗalha ce. Ni ka riƙe mishi ita."

Dariya ta ƙwace wa shugaba, maganar takarda ta mutu.

Shekara goma sha ɗaya Badamasi yana gaisuwar mutum biyu. Ya kuma keɓe inuwar tsamiya ta ƙarshen lambu, ya kafa benci, inda ɗaga hannu ya wadatar a matsayin gaisuwa. Wata uwa, Ummusalma, takan zo daga Bauranya da ɗiyarta mai irin larurar. Ta ce nan kaɗai ba a ce mata ta kasa tarbiyya.

Litinin ta farko bayan ritayarsa sabon shugaban sashe ya kawo ziyara. Badamasi ya kasa zaman gida, ya laɓe bayan shinge. Ɗalha ya wuce da bokitinsa, fuskar shugaba ta sauya. Sai Sada mai shara, wanda ya fi kowa gunaguni kan Ɗalha, ya jingine tsintsiya ya durƙusa sau biyu.

"Ta Ɗalha ce, yallaɓai."

Badamasi ya yi hamdala ya koma gida.

Malam, kai ne ka durƙusa don wani ya tsaya. Mun gode, Allah ya saka. Masu riƙe da lambunan jama'a su yi koyi, ba sai an kafa kwamiti ba.

Abin da aikin ya ci: benci ɗaya, ƙarin girma biyu da suka wuce shi, da gwiwar hagu.