Murfin da ya tsayar da jirgi

A shekarun da muke karɓar umarni daga Sakkwato, ina koyarwa a Birnin Kebbi, kawuna kuma yana noman shinkafa a fadamar Argungu. Wata shekara tsuntsayen jan-baki suka sauka wa shinkafarsa tana gab da nuna. Gwamnati ta turo ƙaramin jirgin feshi, muka tafi tarbarsa kamar mai dawowa daga Makka.

Jirgin ya sauka lafiya, aka ba shi mai, sai matuƙinsa ya ƙi tashi da shi. Matuƙin ya hau fiffike, ya juya murfin tankin, ya sauko yana girgiza kai. Robar da ke zagaye da murfin ta tsage.

"Murfi kawai?" in ji kawu. "Yaro, wanga babur nawa shekara nawa da totuwar masara nike toshe shi, bai taɓa kai ƙarata ba."

"Baba, babur ɗinka ƙasa yake bi," in ji matuƙin. "A sama, iskar da ke bin bayan fiffike tsotse mai take yi ta kowace kafa. In aka yi ruwa kuma ya shiga, sai ya kwanta ƙarƙashin mai, inji ya fara shan shi. Kai in naka ya mutu sai ka tura. Ni wa zai taya ni turi?"

Ni da nake koya wa yara darasin iska da alli, ban taɓa jin an yi shi a taƙaice haka ba.

Kafin la'asar an kawo wa matuƙin murfin kwalba, murfin buta, har da tsumma a naɗe cikin leda. Ya gode wa kowa, ya aika Kaduna a kawo sabon murfi.

Kafin saƙo ya iso, mu muka zama jirgin. Dangi duka muka bazu cikin fadama da gwangwanaye muna ihu. Na gane muryar da na ɓata shekaru ina horarwa don Turanci ta fi amfani a kan tsuntsu.

Sabon murfi ya zo a aljihun wani direban mota. Jirgi ya tashi, shinkafa ta tsira, ban da gefen da aka ba ni tsaro.

Kawu ya roƙi tsohon murfin, ya ajiye shi a ɗakinsa yana nuna wa baƙi. Babur kuwa ya ci gaba da totuwarsa.