Minti Ɗaya da Jakada

Sati uku ina haddace tambaya ɗaya, har kajin gidanmu a Limanti suka iya ta.

Ofishin jakadancin wata ƙasar Turawa ne ya shirya hira ta bidiyo tsakanin jakadansu da ɗalibai, kowace makaranta minti ɗaya. Ni ajinmu ya zaɓa, wai bakina ba ya hutawa. Tambayar ba ta wasa ba ce. Kullum suna tallar darussan Turanci kyauta a shafinsu, amma bidiyon darussan ya fi buhun gero nauyi, wayoyinmu ba sa iya buɗe shi, ga jarrabawa ta matso. So muke su riƙa turo darussan ta saƙon murya.

Ranar, tun hantsi aka jera mu gaban kwamfuta, cikin zafin da zai dafa ƙwai a aljihu. Janareto ya mutu sau biyu. Muka ji makarantun Kano, muka ji na Jos, har murmushin da aka ce mu riƙe ya fara yi mini ciwo.

Bayan la'asar aka kira mu. Na buɗe baki ke nan, shugaban makarantarmu, dattijo mutumin Konduga, ya dafa kafaɗata.

"Kai, ɗana, haka ake faɗa wa baƙo magana ba gaisuwa? Matsa."

Ya gyara hula, ya fara da gaisuwar garinsu. "Wushe, ranka ya daɗe! Ina gajiya?"

Saƙon ya tafi Abuja kamar a ƙafa, ya dawo. "Lafiya lau!" in ji jakada, yana murna, don iyakar Hausarsa ke nan.

"Ya iyali? Ya zafi? Ya mutanen ƙasarku?"

"Lafiya lau! Lafiya lau!"

"Malam, lokaci!" na raɗa masa.

"Bari in tambayi tsofaffinsa tukuna."

Yana kan tsofaffin suka kashe mana makirfo. Na yi tambayata duk da haka, baki na motsi kamar kifin Baga a kan tire.

Washegari mutanen jakada suka sa gaisuwar a shafinsu, suka rubuta cewa zumunci ya ƙara ƙarfi. Bidiyon ma bai buɗu a wayata ba. Na rubuta tambayar a ƙasansa, da Turancin da na sha wuyar haddacewa. Bayan kwana biyu suka amsa da hoton zuciya, suka ce in duba darussansu na kyauta.