Yaya da Haruffa Masu Ƙugiya

Yayata mai buga takardu ce, kuma duk layin shagunan nan ba wanda ke kiranta da sunanta na gaskiya. Ƙugiya ake ce mata, tana kuma amsawa da fara'a. Ni ce ke zaune a ɗaya gefen shagon ina fotokwafi da ɗinkin littattafai, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Sunan ya kama ta tun tana budurwa, lokacin da take koyon aiki a kan tafireta. Tafiretar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, k da d da b kawai take bugawa. Sauran masu koyo haka suke miƙa aikinsu, mai karatu ya yi ta lalube. Yaya kuwa sai ta zare takardar, ta ɗauki baƙin biro mai siririn baki, ta bi layi-layi tana lanƙwasa wa kowane harafi kansa. Mai shagon da ke koya mata ya sha yi mata faɗan ɓata lokaci, har ya lura masu kawo aikin Hausa ita suke jira, ko da sauran suna zaune hannu sake.

Da ta buɗe nata shagon ta sayi kwamfuta, sai mai gyara ya yi mata wata dabara. Ya sa mata wasu haruffa na musamman, ya ɓoye ƙ a ƙarƙashin maɓallin alamar baka, ya ɓoye ɗ da ɓ a maƙwabtansa. Ranar nan Yaya ta yi murna kamar an ba ta kyautar gida. Sai dai dabarar tana da sharaɗi: a kwamfutarta kaɗai ƙugiyoyin ke fitowa. In aka buɗe fayil ɗin a wata, sai su rikiɗe su zama baka-baka da wasu alamomi marasa kan gado. Saboda haka duk aikin da ta gama, ita za ta fitar da shi a firintarta, ta sa a ambulan, ta hau mota ta kai maɗaba'a, ta tsaya a kansu har su ɗauki hotonsa. A haka ta yi shekaru, a haka ta aurar da 'ya'ya, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Sai maɗaba'ar da ke ba mu mafi yawan aiki ta canza injina, aka daina karɓar takarda, aka ce a riƙa turo fayil. Yaya ta tura wani ɗan littafi na iyaye mata a kan abincin yara. Ma'aikacin da ya buɗe ya ga alamomi birjik, ya ga ai abin ba wuya, ya bi ya mayar da su k da d da b. Inda Yaya ta rubuta cewa madara tana ƙara ƙarfin ƙashi, littafin ya fito yana gaya wa iyaye mata cewa madara tana kara karfin kashi. Ni dai na yi dariya har na riƙe ciki. Da na ɗago na ga fuskarta, sai na daina dariyar nan take.

Mai maɗaba'a bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Cikin ladabi ya ce akwai jerin littattafan koyon karatu na yara da ke tafe, ita yake so ta buga, amma ba zai sake yin kasada ba. In fayil ɗinta ba zai buɗu daidai a wurinsa ba, dole ya nemi wani. Mu biyun mun san in aikinsa ya tafi, shagon ma ya kama hanya.

A daidai lokacin ne aka fito da sabuwar manhaja, wato babbar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, aka kuma ce an daina kula da irin ta Yaya. Benci mai tsawo da muka ajiye wa masu jiran aiki ya koma majalisa. Mai gyara, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya ce sabuwar tana da nauyi, za ta danne tsohuwar kwamfuta, kuma haruffan da ya sa mata ba za su yi aiki a kanta ba. Babban ɗan Yaya ya ce a canza kawai, sabuwar ta fi sauri, ta fi kyan gani, ɓarayin intanet ba sa shigar ta da sauƙi. Mai sayar da waya na kusa da mu ya rantse cewa leƙen asiri take yi, kuma tana kashe kanta ana tsakiyar aiki. Mijin Yaya kuwa, wanda ko goge ƙurar kwamfuta bai taɓa yi ba, shi ya fi kowa ɗaga murya a kan a bar abu yadda yake. Ni abin da ya dame ni shi ne masu fotokwafi sun rasa wurin zama.

Yaya ta bar su suka yi ta yi. Ranar da ta gaji, ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, duk na ji. Tana da ƙugiya?"

Mai gyara ya ce bai taɓa dubawa ba. Ɗanta ya ciro waya zai bincika, ta ce ya bari, da yatsunta za ta tambaya.

Washegari muka rufe shago muka tafi inda ake sayar da kwamfutoci. Yaya ta ce wa matar da ke tsaron wurin ba saye ta zo yi ba, aron kujera take so. Matar ta yi dariya, ta shiga jerin harsuna tana ja tana ja har ta kai kan Hausa, ta nuna mata inda haruffan suke. Yaya ta gyara zama ta buga da yatsa ɗaya kamar sabon shiga: ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ɗaki. Duk suka fito da ƙugiyarsu. Ba ta gamsu ba, ta ce a turo wa wayata, tsohuwar nan mai fasasshen gilashi da kowa ke yi mini ba'a a kanta. Saƙon ya shigo, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu biya ta wurin mai gyara.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Mai gyara ya kwashe mata fayiloli, ya ƙara wa kwamfutar ƙarfi, ya ɗora sabuwar manhaja, kuma yadda ya faɗa haka aka yi: tsofaffin ayyukanta duk suka buɗe da baka-baka. Yatsunta kuma suka ƙi ba ta haɗin kai. Duk sanda ta zo kan ƙ sai ɗan yatsan ya tafi tsohon gidansa, ta goge, ta sake, ya sake tafiya. Na ga ta bugi bayan hannunta kamar na yaro mai rashin ji. Sau ɗaya kwamfutar ta kashe kanta tana tsakiyar shafi, mai sayar da waya ya leƙo yana washe baki, na ce masa ya koma shagonsa kafin in jefe shi da sitefilar da nake ɗinke takardu da ita. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, mace da jikoki tana koyon abin da ta fi kowa iyawa. Ɗanta ya zo ya nuna mata yadda ake sauya alama ɗaya a littafi gaba ɗaya da dannawa ɗaya. Ta gode masa, ta yi amfani da dabarar, sannan ta bi shafukan ta karanta da idonta duk da haka.

A hankali ƙarar maɓallan ta dawo yadda na san ta, kamar ruwa a kan kwano, ba tsayawa. Ta gama littafin farko na jerin.

Da safen da za a miƙa shi, ta zo cikin shirin fita. Ta ɗauki jaka, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Ta dawo ta zauna, ta tura fayil ɗin, ta naɗe hannu. Na ce ko mu je mu gani da ido, hankalinta ya kwanta. Ta ce ba inda za ta. Ta share teburin da ba shi da datti, ta jera takardun da suke a jere, ta tambaye ni ƙarfe nawa alhali agogo yana gabanta.

Wajen azahar wayarta ta yi ƙara. Ta sa ta a fili don in ji.

"Malama," in ji mai maɗaba'a, "na buɗe a tawa, na buɗe a ta ma'aikatana, har a wayata na buɗe. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Ki turo sauran, aikin naki ne duka."

Ta yi godiya a natse, kamar ba komai ba. Sai da ta ajiye wayar ta kamo hannuna ta matse har na ji zafi, idonta ya cika taf, ga murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"Ke, kin gani?" ta ce. "Tun da na buɗe shagon nan aikina bai taɓa isa lafiya ba sai na raka shi. Yau shi kaɗai ya tafi, kuma ya isa lafiya."