'Ya'yan Tsattsewa da Farautar Ƙuda

Shekarata ta biyu ke nan da aure, muna zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Shi kafinta ne, aikinsa roshan, wato tagogin katakon nan masu sassaƙa da ke leƙo titi daga tsofaffin gidajen Balad, tsohon gari. A lokacin mutane sun fara barin waɗannan gidaje suna komawa sababbin unguwanni, saboda haka cirewa ta fi gyara yawa a aikinsa.

Wata rana ya dawo tun kafin azahar, hularsa a hannu maimakon a ka. Ya miƙo mini ita.

"Karɓi a hankali. A ƙarƙashin roshan ɗin da muka sauke suke. Ban gani ba sai da sheƙar ta faɗo."

'Ya'yan tsattsewa ne guda uku, tare da gutsattsarin sheƙarsu ta laka. Gashi bai gama rufe su ba, cikinsu tsirara, bakinsu kuwa faɗi gare shi, da rawaya a gefe. Ya ce iyayen sun yi ta shawagi a kansa, amma babu inda zai mayar da su, domin bangon ma rushe shi za a yi. Na shimfiɗa tsohon ɗankwali a kwandon kaba na zuba su. Ɗuminsu a tafin hannuna har yau ban manta shi ba.

Inna ta yi shekara da shekaru tana kiwon tattabaru a saman soro, don haka babu wanda ya yi tunanin tambayar wani. Ta leƙa kwandon ta ce, "Tsuntsu ai tsuntsu ne. Jiƙo mini gero." Ta tauna shi ya yi laushi, ta riƙa buɗe bakinsu tana tura musu, kamar yadda take yi wa ɗan shilar da uwarsa ta ƙi. Na koya, na ci gaba har magariba, ina murna suna haɗiya.

Da safe ɗaya ya mutu. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Sauran biyun sun yi laƙwas, ko kai ba sa ɗagawa. Na zauna kusa da kwandon ina kuka, ga shi ban san abin da na yi ba daidai ba, balle in daina.

A haka maƙwabciyarmu ta same ni, ta shigo aron turmi. Bahaushiyar Sudan ce, a bakin kogi ta tashi, kuma sa'ar Inna ce, kullum cikin tsokanar juna suke. Hala nake ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci. Ta ɗauki ɗaya ta buɗe bakinsa da farce.

"Me kuka ba su?"

"Gero," in ji Inna.

"Ya Hajiya, ke da girmanki. Dubi bakin nan. Wannan na tsattsagar hatsi ne? Tun da kike, kin taɓa ganin tsattsewa ta sauka ƙasa tana kiwo da tattabarunki?"

"To me take ci? Iska?"

"Abin da ke cikin iskar. Ƙuda, sauro, ƙwari masu tashi. A garinmu a kan ruwa muke ganinsu suna wawura."

Inna ta ce, "Ƙuda kam ba ma nemansa aro a Jidda."

Na miƙe zan ɗauko famfon feshi, don ta haka zan fi saurin samunsu. Hala ta riƙe mini hannu. "La, ya binti, a'a 'yata. Wanda magani ya kashe, guba ne. Da hannu za ki kama, da ransa."

Haka na koma mafarauciya. Ni da kullum nake yaƙi da ƙuda, in rufe tulu, in rufe kwano, sai ga ni ina roƙon maigidana ya taho mini da kawunan kifi daga kasuwa. Nakan zuba su a faranti a saman soro, in tsuguna a gefe da yankin tsohon gidan sauro. In sun taru baƙi ƙirin sai in kifa. In murƙushe kan kowanne, in tsoma a ruwa, in ɗauka da hantsaki. Da farko sun ƙi buɗe baki. Sai a rana ta biyu na lura cewa in na ɗan girgiza bakin kwandon, inuwar hannuna ta gitta ta kansu, duk biyun sukan wage baki lokaci guda suna tsuwa. Ashe haka suke gane saukar uwarsu.

Ba sa ƙoshi. Daga fitowar rana har faɗuwarta, kafin in gama wanke kwano biyu sun fara kira. Ina sallame salla sai wurinsu. Abin ya ɗan dame ni, wannan rai da nake kashewa ɗari bisa ɗari don in raya biyu, har na sa maigidana ya tambayi limamin masallacinmu. Ya dawo yana dariya, wai liman ya ce abincinsu ne da Allah Ya hukunta musu, kuma ciyar da mai rai akwai lada, sannan wai in na gama da na gidanmu in zo masallaci, nasu ma sun ishe su.

Inna tana zaune a inuwa tana jan carbi, hancinta a toshe da gefen mayafi saboda ƙarnin kifi.

"Na je na zaɓo wa ɗana wadda ta gama sakandare," ta ce wa Hala, "ga abin da karatun ya haifar."

"Ta dai fi mai digirin gero," in ji Hala.

Abincin rana ya riƙa makara. Wata rana maigidana ya zauna a gaban tabarma babu komai, ya dube ni, ya ce, "Ni ma in na wage baki na yi tsuwa, za a ba ni?" Inna ta ce ya gwada, amma ya san abin da ake bayarwa.

Cikin mako biyu suka yi gashi, toka-toka mai ruwan ƙasa, fukafukai dogaye har suna haɗuwa a bayan wutsiya. Suka fara fita kwando suna maƙalewa a igiyar shanya. Na ɗauka an gama. Hala ta ce sam.

"Hannunki kawai suka sani. Kika sake su haka, yunwa za ta kashe su suna tsakiyar abinci."

Sai na ɗaura gidan sauronmu a ɗaki, in saki ƙudaje masu rai a ciki tare da su. Babban bai yi kwana uku ba ya gane. Ya riƙa tashi yana cafkewa, kana jin ƙaras ɗin bakinsa. Da na kai shi saman soro wata safiya, ya zagaya sau biyu ya miƙe wajen teku, ko waiwaye babu.

Ƙaramin ne ya ƙi. Tashi yana tashi, amma ƙuda zai wuce ta gaban idonsa, shi kuwa sai ya juyo gare ni ya buɗe baki yana karkaɗa fukafukai. Ni kuma ba na iya jurewa. In ce yau ba zan ba shi ba, kafin hantsi na ba shi. Kwana huɗu muna haka.

Inna ce ta kira ni. Ba ta cikin wasa ranar.

"Zauna, 'yar nan. Na farkon ni na kashe shi, da na ce na sani alhali ban sani ba. Na roƙi gafara. Kada ke ki kashe wannan da tausayi. Ba ke za ki koya masa ba, ba ki da fiffike. Ki kai shi wurin danginsa, kuma ki kai shi da yunwa."

Ranar Juma'a tun hantsi na hana shi abinci. Ya yi ta kira daga cikin kwando, ni kuma ina kicin ina motsa miya da hawaye. Bayan la'asar maigidana ya raka ni Balad. Ya roƙi wani tsoho da ya taɓa yi wa aiki, aka bar mu muka hau saman gidansa, hawa huɗu, matakala duhu da warin tsohon katako. A can sama tsattsewa sun cika sararin tsakanin gidaje, suna kai da kawo dab da bango.

Na ajiye ɗan tsuntsun a kan katangar soron na ja da baya. Ya juyo ya buɗe mini baki. Na cusa hannuwana biyu cikin abaya na damƙe su, don kada inuwarsu ma ta gitta. Ya yi tsuwa, ya sake yi. Na kai zuciyata nesa, ina ta salati a ciki. Mun daɗe a haka, har maigidana ya fara gyaran murya.

Sai wasu guda biyu suka wuce ta kan ɗan tsuntsun ƙasa ƙasa. Ya bi su da ido, ya sunkuya, ya faɗa. Ya yi ƙasa sosai har na ɗauka zai bugi titi, sannan ya ɗago. Tashinsa bai kai nasu kyau ba, shi ya sa na iya bin sa da ido. Na ga ya karkace ya kai wa wani abu cafka ya rasa. Ya zagayo. A karo na gaba ya samu, na ga wuyansa ya motsa. Ya ƙara samun wani kusa da roshan ɗin gidan da ke fuskantarmu. Daga nan ya shige cikin 'yan'uwansa, na kasa bambance shi.

"Halas, an gama," in ji maigidana. "Yalla, mu sauka."

Na ce ya ƙara mini kaɗan, ko zai dawo. Muka tsaya har aka kira magariba, bai dawo ba. Ban san kwana nawa Allah Ya ƙara masa ba. Abin da na sani, na ga ya ci sau biyu da bakinsa kafin in sauko.