Ranin da Hankalin Famfonmu Ya Maƙale a Damagaram

Na ga fari, na ga yunwa, na binne mutane da hannuna. Amma ranin da famfon lambunmu ya tsaya ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Ƙauyenmu na kudu da Dungas, dab da iyaka. Masu aikin agaji suka haƙa mana foraji, wato rijiyar burtsatse, suka kafa faifan hasken rana, suka rataya wani akwati a jikin ƙarfe. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Na tambayi injiniyan, wani ɗan Damagaram, abin da ke ciki.

"Hankalin famfon ne, Baba," in ji shi. "Dokoki ne kawai. In ƙasa ta bushe ya buɗe ruwa, in ta jiƙe ya rufe. Kuma muna iya janye shi ta rezo, hanyar da wayar salula ke bi, yana cikin aiki, mu gyara, mu maido."

"Ashe aljani kuka kawo mana," na ce. Ya yi dariya.

Shekarar gero bai yi ba. Na zuba albasa, ita ce abincin gidana har wata damina.

Albasa ta fara kai, suka janye hankalin don gyara. To, a wajenmu rezo ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu wayarka na Nijar, an jima ta kama Najeriya. Haka akwatin ya yi. Hanyar dawowa ta yanke. Doka ɗaya ta rage a cikinsa: in ba umarni, kada a buɗe ruwa.

Rana na dukan faifai, ruwa na ƙarƙashin ƙafarmu, famfo shiru. Na hau tudu na kira injiniyan.

"Ku yi haƙuri, Baba, yana nan wajena, lafiya lau yake aiki."

"Wa yake shayarwa a can? Kai?"

"Sai rezo ya dawo."

"Ɗaure shi a babur ka kawo."

"Ba abin ɗauka ba ne, Baba. Ni ne zan zo, kuma motarmu tana Yamai."

Maƙwabcina ya ɗauko gatari zai fasa akwatin. Na ce masa, "Fasa, mu ga ko tulu ne." Ya ajiye. Muka koma jigilar jarka a kan jakuna daga rijiyar gari, har mata suka tare mu, don na sha ma ba ya isa. Gaskiyarsu ce. Ganyen albasa ya yi rawaya, ya kwanta. Na tono ɗaya, ba ta kai goro ba.

Da injiniyan ya iso, ya taɓa akwatin, ruwa ya ɓalle a kan kwamin matacciyar albasa. Ya kasa kallona. Ban zage shi ba, zagi ba ya tuwo. Kafin damina gidana ya watse, kowa ya bi inda zai sami abin kai wa baki. Wasu ba su dawo ba.

Abin da na koya ɗaya ne: duk abin da cikinka ya dogara da shi, kada ka yarda makullinsa ya kwana a wani gari.