Takunkumin da Na Ɗinka wa Baba

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe safiyar da na bi bayan mahaifina a shekarar korona, ina son in ga inda yake zuwa.

Ni tela ce, shagona yana bakin Titin Koudoukou a Kilomita Biyar, unguwarmu ta Musulmi. Da cutar ta shigo Bangui aka ce kowa ya rufe hanci da baki, sai aikina ya koma ɗinkin takunkumi da guntayen atamfa. Wata rana Baba ya leƙo shago ya ce in ɗinka masa nasa, amma babba, wanda zai rufe gemu duka har wuya. Na ce, "Baba, takunkumi kake so ko buhu?" Ya ce in yi abin da aka sa ni.

Abin ya ɗaure mini kai. Tun rikicin Musulmi da Kirista da ya raba unguwarmu da sauran gari Baba bai ƙara taka ƙafa ya wuce unguwar Yakité da ke iyakarmu ba. Shekaru yana nan, daga gida sai masallaci sai majalisar shayi. To ga shi an taƙaita jam'i, majalisa ta watse, ya kamata a ce yana zaune a gida. Amma kullum da safe sai ya ajiye hula, ya sa wata tsohuwar riga da wando irin na ma'aikata, ya ɗaura buhunsa a fuska, ya fice. Ba ya dawowa sai rana ta take. In Inna ta tambaye shi, ya ce likita ne ya ce ya riƙa tafiya saboda hawan jini. Ni kuwa da ba na iya barin abu ya kwana a raina, na ce sai na gani da idona. Lokacin ma garin ba lafiya, kullum ana raɗe-raɗin 'yan tawaye suna matsowa, sojoji sun kafa shinge a hanya.

Ranar na bar shago a rufe. Ya hau babur, na hau wani, na ce wa mai babur ɗin ya bi shi a hankali. Muka wuce shinge, ba wanda ya ko kalle mu. Sai ga mu a bakin wani lambun shaƙatawa a tsakiyar gari, wanda mu muke kira jardan kawai.

Na san wurin tun ina yarinya, don a nan Baba ya yi sana'arsa ta ɗaukar hoto. A sanina ba mai zuwa sai masoya da masu neman hoto, daga baya ma awaki suka gaje shi. Amma abin da na tarar ya sa na tsaya riƙe da baki. Da yake an rufe mashaya da makarantu, garin duk ya kwashe ya dawo ƙarƙashin bishiyoyi. Ga mata manya suna tsalle-tsallen motsa jiki, ga ɗalibai kowa da gindin mangwaronsa, ga mawaƙan coci sun tsaya nesa da juna suna gwada murya ta cikin ƙyalle. Har wanzami na gani ya rataye madubi a reshe. An share ciyawa, an fenta kututture da farar ƙasa. Na ce a raina, ashe cuta ma tana gyara wuri.

Baba ya nufi wani bencin siminti kusa da famfon da ya daina zuba. Akwai wani tsoho zaune a ƙarshen bencin, da takunkumi shi ma, da sanda tsakanin ƙafafunsa. Baba ya zauna a ɗaya ƙarshen. Ya cire takalmansa ya jera su a ƙasa, ya naɗe ƙafafu a kan benci. Babu sallama, babu kallo. Su biyu suka zuba wa mawaƙan nan ido.

Sai da tsohon ya juya kai na gane shi da tabon da ke goshinsa. Abokin sana'ar Baba ne, Kirista, wanda muke kira Papa. Shekara da shekaru suka yi suna ɗaukar hoto a gaban famfon nan, ɗaya ya riƙe kyamara ɗaya ya gyara wa mutane tsayuwa. Zamanin boren sojoji, da harbi ya rutsa da su, a ƙarƙashin wannan bencin suka kwanta tare har ya lafa. Baba ya ba mu labarin nan har mun haddace. Amma a rikicin baya samarin unguwarmu sun ƙona gidan Papa da ke gefen Yakité, kuma ɗansa na fari bai fita ba. Tun daga ranar Baba bai ƙara ambaton sunansa ba. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, da wane ido zai kalle shi.

Nan na gane amfanin buhun. Yana son ya zauna kusa da mutumin, yana kuma tsoron in an gane shi a tashi a bar masa bencin. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Tsoho da furfura, ya ƙetare shingen sojoji kullum don ya zo ya yi shiru?

Na yi niyyar in laɓe bayan bishiya, amma ni da laɓewa ba mu taɓa shiri ba. Da Baba ya tashi ya je wurin mai ruwan leda, sai ƙafata ta kai ni gaban Papa. Na rusuna na gaishe shi da Sango, yaren garin, na ce, "Bara ala, Papa." Ya ɗago ya dube ni, ya amsa da Sango, "Ke ce 'yarsa ta biyun, mai surutu. Kin zo tafiya da shi?"

 Na ce, "Papa, ka san ko wane ne?"

Ya ce, "Tun ranar farko. A duk garin nan wa ke cire takalmi ya naɗe ƙafa a kan bencin gwamnati in ba mutanen Kilomita Biyar ba? Wanzamin can ma ya sani. Matan nan masu tsalle ma sun sani."

"To me ya hana ka yi masa magana?"

Ya juya sandarsa. Sai ya ce, "Yaranmu ne suka kore ku daga tsakiyar garin nan. Na ga ya rufe fuska har wuya, na ce ba ya son in gane shi. Na ji tsoron in na kira sunansa gobe ba zai dawo ba. Ni kuma ba ni da wanda zan zauna da shi."

Ashe Baba yana tsaye a bayana da ledar ruwa biyu a hannu. Biyu, ka ji. Daga baya na ji cewa kullum biyu yake saye, ya sha ɗaya, ya bar ɗayar a tsakiyar benci kamar ya manta. Ya harare ni hararar da na san zan sha faɗa a gida. Sannan ya ajiye ruwan, ya kama igiyar takunkumin ya sauke shi. Gemun nan fari ya fito fili a tsakiyar gari, inda ya yi shekaru bai fito ba. Ya buɗe baki zai ambaci yaron da ya rasu.

Papa bai bari ya fara ba, idonsa ya ciko. Sai ya ɗaga sanda ya nuna shi ya ce, "Mayar da abinka, akwai cuta a gari. Na riga na binne ɗaya, ba zan binne ka ba."

Baba ya mayar. Ya koma ƙarshensa na benci, ya cire takalmi. Papa ya miƙa hannu ya ɗauki ledar ruwan, ya fara yi masa tsiya wai har yau bai iya saita kyamara ba. Ni na matsa gefe na yi kukana kusa da wanzami, shi kuma ya yi kamar bai gan ni ba.

Faɗan gida kam na sha shi. Amma washegari da zai fita na ga ya ɗauki hularsa ya kafa. Sun ci gaba da zaman bencin nan har bayan da kowa ya jefar da takunkumi, har Allah ya karɓi ran Papa. Baba ya je jana'izarsa da hula da gemu a waje.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa mutumin da kake ɓoye wa fuska don kunya ya riga ya gane ka, shi ma kunyar ce ta ɗaure masa baki. Shi ya sa yanzu in na hango wanda muka yi tsami da shi, ba na jira ya fara. Ni nake fara gaishe shi, in ya ga dama ya amsa.